Ƙofar taka ce, Alhaji, amma kan da ke ƙarƙashinta ba naka ba ne

Ranar wata Alhamis, muna tsakiyar shirinmu na ƴan kasuwa a gidan rediyo, wata dattijuwa ta bugo waya daga unguwar Zango. Mun zaci gaisuwa za ta miƙa, ko kuma ta tambayi farashin tiyar gero a kasuwar Dole kamar yadda masu saurare suka saba, sai muka ji ta ce, "Ɗana, tambaya gare ni, ka miƙa mini ita ga masu shaguna. In ƙofar mutum ta faɗo wa wani, wa ke biya?" Muka ce, "Subhanallahi, Inna, me ya faru?" Minti uku muke ba kowane mai kira, amma ranar ba wanda ya iya katse ta, har mai kula da na'ura ya gaji ya daina yi mana alama da hannu.

Ga abin da ta faɗa, kuma daga baya mun taka da ƙafarmu mun gani. Shekara 11 ke nan tana tuyar ƙosai a bakin wani garaji da mai gidan ya mayar mangaza, inda yake ajiye shinkafa da mai da taliya. A nan take kafa murhunta domin bango na kare mata iska. Ƙofar garajin irin ta ƙarfen nan ce mai naɗewa sama, wadda muke ce wa rido, kuma shekara uku da suka wuce Alhajin ya sa mata inji, yana danna rimot daga cikin mota ta buɗe. Kwanan baya injin ya fara gurnani, ya ɗaga ƙofar rabi ya tsaya. Alhaji ya ba wani direba saƙo ya sayo masa sabo daga Kano. Ran Juma'a bayan la'asar, shi da yaron shagonsa suka jingina tsani, suka ɗora salula a kan buhu suna kallon wani bidiyo, suka cire tsohon suka ɗaura sabon. Asabar ƙofa ta yi aiki, Lahadi ta yi. Ran Litinin da safe, rido na sama, kasko na kan wuta, sai ƙofar ta zubo gaba ɗaya kamar an sare ta. Bakin kasko ta samu. Man da ke tafasa ya watsu a ƙafar jikar matar, yarinya ƴar shekara 7 da ke ƙulla wa masu saye ƙosai kafin ta wuce lakwal.

Alhaji ya ɗauki yarinyar a motarsa ya kai ta likita, wannan kam ya yi, ba za mu ci haƙƙinsa ba. Ya ba kakar jaka 5, ya ce tsautsayi ne, shi kuwa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mu ma mun yi imani da ƙaddara. To amma mun lura a garin nan kalmar tsautsayi ta fi saurin zuwa bakin wanda zai biya fiye da bakin wanda aka ji wa ciwo.

Ba don mu ci mutuncin wannan bawan Allah muka ɗauko zancen ba, shi ya sa ma ba mu kama suna ba. Abin da ya yi, da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi da su ne haka za su yi, kuma suna da hujjarsu. Sanin kowa ne yadda ake fama da masu gyara. Ka kira mutum da hantsi ya ce ga shi nan tafe, ka yi azahar ka yi la'asar kana leƙen hanya. Gobe ya zo ya karɓi kuɗin kaya, jibi wayarsa a kashe. Ita kuwa ƙofar mangaza ba agogo ba ce da za ka jefa aljihu har sati ya zagayo, in ba ta rufu ba kai ne za ka kwana a kan buhu da cocila a hannu. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba: ɗan kasuwa ba ya son baƙon ido ya ƙirga abin da ke cikin mangazarsa, ya ga inda kwaɗo yake, ya san ta inda ƙofar ke da rauni. Bugu da ƙari, mu mutanen Damagaram ba mu saba naɗe hannu mu jira wani ba. Ɗan kabu-kabu zai kwance injin babur ɗinsa a gindin bedi ya mayar, mai markaɗe za ta sake bel da kanta tana goye da ɗa. Wannan hali ne mai kyau, shi ya riƙe mu duk lokacin da aka rufe iyaka kaya suka yi wuyar samu. Sai dai in babur ya ƙi tashi bayan ka gyara, turawa za ka yi. Rido kuwa a saman kan mutane yake rataye.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba, mu ma sai da wani tsohon mai walda ya zaunar da mu ya buɗe mana akwatin da ke saman ƙofar, shi ne ba inji ke ɗaukar nauyin rido ba. Ridon mangaza mai faɗin mita 3 nauyinsa na iya kai na buhun gero, wani ma ya ɗara. To yaya aka yi yaron shago ɗan shekara 15 ke ɗaga shi da hannu ɗaya yana hamma? A cikin akwatin nan akwai sandar ƙarfe da ta ratsa daga bango zuwa bango. A jikinta akwai wasu gwangwanaye, biyu ko uku ko fiye gwargwadon girman ƙofa, kowane da resor a cikinsa, wato wani dogon ƙarfe mai faɗi da aka naɗe kamar gammo, wanda ƴan'uwanmu na Kano ke kira sifirin. Duk sa'ad da ka jawo ƙofa ƙasa, ɗaure resor ɗin nan kake yi, yana tara ƙarfi. In ka zo buɗewa da safe, shi ne ke mayar maka da ƙarfin ya ɗauke nauyin. Aikin inji ɗan kaɗan ne: ya tura, ya tsayar a inda aka saita masa, ya riƙe da birki.

Saboda haka in inji ya fara gurnani yana tsayawa a rabi, sau da yawa ƙara yake kawo maka. Ce maka yake yi an bar masa kayan da ba nasa ba. Abin da aka iske a garajin Alhaji ke nan da aka kira mai sana'a bayan ɓarna ta auku. Cikin resor uku, ɗaya ya daɗe da tsinkewa, wani kuma ya saki. Tsohon injin ya yi watanni yana jan nauyin da ba a yi shi dominsa ba har ya ƙone. Aka ɗaura sabo a kan cutar da ba a taɓa ba, sannan garin ɗaurawa aka ja wayar birki ta yi tsauri fiye da kima, birkin ya zama ba ya kamawa sosai. Kwana biyu ƙofar ta tsaya a sama bisa sa'a. Alhaji ya kashe kuɗin inji, ya tsira da ladan mai gyara, amma abin da ya lalace tun farko yana nan a cikin gwangwani ba wanda ya leƙa.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ce to, tun da resor ne, bari in hau in sake shi da kaina. Nan ne ma ainihin haɗarin yake. In ƙofa na ƙasa, resor na ɗaure tamau. Ka kwance kusar da ta haɗa ridon da gwangwani ba tare da ka san yadda ake tokare shi ba, gwangwanin zai juya da ƙarfin da zai ɗaga buhu, ya fizge sifana daga hannunka, ya karya yatsu, ya tunkuɗe ka daga kan tsani. In kuma ƙofa na sama, resor ya saki, amma duk nauyin ƙarfen yana naɗe daidai kanka. Ko ta ina ka ɓullo masa akwai inda yake jiranka. Masu sana'ar da suka daɗe suna yi, dubi hannayensu, za ka ga shaidar abin da muke faɗa.

Yanzu mu dawo kan tambayar Inna. Duk wanda ya zaga Zango, ko bakin kasuwar Dole, ko tasha, da sassafe, ya san su wa ke zaune a gindin ƙofofin nan. Mai ƙosai, mai kunu, mai fura, mai ƙuli-ƙuli, yarinya mai tallan goro da ta tsaya shan inuwa, almajirin da barci ya kwashe. Mai shago yana ciki bayan kanta, ko yana cikin mota da rimot a hannu. Wato wanda ya yanke shawarar hawa tsani daban, wanda zai ɗauki sakamakon daban. Da a ce ƙofar ɗakin barcinka ce, da mun ce kai ka sani. Amma ƙofar da ke buɗewa kan titi, jama'a na da haƙƙi a cikin yadda aka ɗaura ta.

Wannan ba ra'ayinmu ba ne mu kaɗai. Dokar farar hula da kotunan ƙasarmu ke aiki da ita, a aya ta 1384, ta ɗora wa mutum alhakin ɓarnar da abin da ke ƙarƙashin kulawarsa ya yi, ko da ba shi ya tura shi da hannunsa ba. Malamanmu na Malikiyya ma sun daɗe da yin bayani kan katangar da ta karkata: in an gargaɗi mai ita, ya samu halin gyarawa bai gyara ba, ta faɗa wa wani, akwai lamuni a kansa. Don haka amsar da muke ba Inna ita ce mai ƙofa ke biya. Kuɗin magani har yarinya ta warke, kuɗin kasko, da jarin kwanakin da ba a yi tuya ba. Jaka 5 ba ta kama ƙafar wannan ba.

Mun san abin da iyayenmu mata za su ce, domin sun faɗa mana a waya: "Ɗana, alfarma aka yi mana muka zauna a wurin, in mun yi magana a ce mu tashi." Gaskiya ne, kuma wannan tsoro shi ya sa irin wannan labari ba ya kai wa kunnen mai unguwa. To amma alfarmar ba ta gefe ɗaya ba ce. Matar da ke bakin mangazarka tun asuba ita ce gadinka na safe da ba ka biya, ita ke share maka ƙofa, ita ke ce wa mai neman ka ya jira ka je masallaci. Shawararmu ga mata ita ce ku riƙa ɗaga kai. In kin ga rido na hawa a karkace, gefe ɗaya ya riga ɗaya, ko kin ji yana ƙara kamar ana jan kwano a kan dutse, ko kin ga sai yara biyu sun taru kafin ya ɗagu, to ki matsar da murhu da yara daga daidai bakinsa. Sannan ki faɗa wa mai shagon cikin ladabi, amma a gaban mutum biyu. Wannan shaidar ita za ta tsaya miki gobe a gaban mai unguwa ko shugabannin kasuwa, domin mai ƙofar ba zai ce ba a gaya masa ba.

Bari mu ce wani abu game da bidiyon da aka ɗora a kan buhu. Yawancin waɗannan bidiyo daga Amurka suke, kuma ƙofar da Bature ke nunawa ba irin tamu ba ce. Tasu falle-falle ce, tana shigewa ƙarƙashin rufi, injin na rataye can tsakiyar ɗaki yana jan ta da sarƙa, nesa da resor. Shi ya sa mutum ke iya sake inji a can bai taɓa resor ba. A ridonmu kuwa inji da resor a kan sanda ɗaya suke zaune, kafaɗa da kafaɗa. Wutarsu ma 120 ce, tamu 220. Kuma ko a can, masu ƙera ƙofofin suna manna gargaɗi cewa a bar resor ga mai sana'a.

Su da suka ƙirƙiro abin sun sha wuyarsa kafin mu. Wani Ba'amurke mai suna C. G. Johnson ne ya fito da injin buɗe ƙofar garaji mai aiki da lantarki a 1926, shekarar da Turawan mulkin mallaka suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram suka mayar Yamai. Shekaru da dama bayan haka ƙofofin nan suna danne yara ƙanana, gommai suka mutu, har majalisar ƙasar ta yi doka: daga farkon 1993 duk injin da za a ƙera don gidaje sai yana da abin kariya, mafi yawa wani ido ne da ake sawa ƙasa a gefe biyu na ƙofa, wanda in yaro ko dabba ta gitta yayin da ƙofa ke sauka, sai ta tsaya ta koma sama. Mu tambayi kanmu, cikin ƙofofi masu inji da ke garin nan, nawa ke da wannan ido? Wasu injunan ba sa zuwa da shi. Wasu suna zuwa da shi a cikin kwali, mai ɗaurawa ya ga wayoyi sun yi yawa ya jefar da shi bayan kanta. Haka nan manyan ƙyauren gidaje masu gudu a kan taya, da ake ta yi a sababbin unguwanni: in ba a walda abin tsayarwa mai ƙarfi a ƙarshen layin ba, ƙyauren kan zarce ya kife, kuma yaran gida ne ke wasa a wurin.

Sai maganar wuta, wadda a nan Damagaram ba sai an yi wa kowa bayani ba. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A wancan lokaci kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa, tamu ta nan ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Sai a watan Maris na 2024 aka maido. Ko ba wannan ba, duk bazara mun san yadda kuran ke zuwa da tafiya, wani lokaci ya zo da rauni har fanka ta kasa juyawa, kuma irin wannan raunin ne ke dafa inji a hankali. To wanda zai sa wa ƙofarsa inji a gari irin namu, tambayar farko da ya kamata ya yi wa mai sayarwa ba ta farashi ba ce. Ya ce masa, in an ɗauke wuta yaya zan buɗe?

Injin kirki yana zuwa da wata waya mai marfi a ƙarshe, in ka murɗa ta birki ya saki, ka ɗaga ƙofa da hannu. To a ina aka sa ta? Mafi yawan shagunanmu da mangazu ƙofa ɗaya gare su. In marfin na ciki kai kana waje, ranar kasuwa ta same ka tsaye a titi da makulli a hannu, masu saye na wucewa wurin maƙwabcinka. Dole a fito da ita waje, a cikin ɗan akwatin ƙarfe mai kulle, a kuma bar hanyar saki daga ciki domin yaron da ke kwana a shago. Wanda ya ɗaura inji da kansa yana kallon salula, wannan ne abu na farko da yake mantawa. Kada a ɗauka ƙaramin abu ne. A gobarar daji da aka yi a jihar Kalifoniya ta Amurka a watan Oktoba na 2017, aƙalla mutum 5 sun mutu saboda wuta ta ɗauke sun kasa buɗe ƙofar garaji su fitar da mota, shi ya sa daga 1 ga Yuli 2019 jihar ta hana sayar da injin da ba shi da batir na ko-ta-kwana. Mu da muka ga abin da gobara ta yi wa kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, mun san cewa in wuta ta tashi a kasuwa abu na farko da ake yankewa shi ne kuran, a daidai lokacin da kowa ke son buɗe shagonsa ya fitar da abin da ya samu.

Ba cewa muke yi ɗan kasuwa ya naɗe hannu ba. Akwai aikin da naka ne, kuma da ana yinsa da rabin injunan da ake sakewa ba su mutu ba. Layin ƙarfen nan biyu na gefe da rido ke bi, share su daga yashi duk mako, musamman da hunturu. Mutanenmu na son cusa giris da yawa, alhali in ƙura ta haɗu da giris sai ya koma kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin ƙarfe yana riƙe ƙofa. Goge tsohon, ka shafa ɗan kaɗan. Batirin rimot kai za ka sake, ba sai an kira kowa ba. Kafin ka danna, tabbata an cire kwaɗon ƙasa, domin inji nawa ne suka ƙone suna kokawa da kwaɗon da yaro ya manta? In yara sun yi ta wasa da ƙofa sama da ƙasa injin ya tsaya cak, ba mutuwa ya yi ba, zafi ya ɗauka ya kashe kansa, ba shi kamar minti 15 zuwa 20 ya huce. In kuma yana gurnani ba ya juyawa ko kaɗan, sau da yawa kondansa ce, ƴar gwangwani irin wadda ke cikin fanka, kuɗinta bai kai kusa da na sabon inji ba. Sai dai tana riƙe wuta ko bayan an kashe mita, don haka bar wa mai gyaran wuta.

Akwai kuma gwaji ɗaya da tsohon mai waldan nan ya koya mana, wanda ya kamata kowane mai rido ya yi sau ɗaya a wata. Rufe ƙofar har ƙasa tukuna, ka kori yara, ka kashe wuta, ka saki birki, sannan ka ɗaga ta da hannu zuwa ƙugu. In ta taso da sauƙi ta kuma tsaya kusa da inda ka bar ta, resor na da lafiya. In sai ka yi nishi, ko kana saki ta zube, to resor ya gaji, kuma ko injin Jamus ka sayo ba zai yi magani ba. A nan aikinka ya ƙare, na mai sana'a ya fara. Kada ka taɓa sakin birki ƙofa na sama.

Tun da tsoron ɓarawo na cikin abin da ke sa mutum hawa tsani da kansa, ga wani abu da ya fi cancantar tsoron. Rimot iri biyu ne. Akwai mai lamba ɗaya da ba ta sakewa, wanda da wani ɗan rimot mai araha ake kwafe shi cikin daƙiƙoƙi in ya shiga hannun mutum. Akwai mai sake lamba duk dannawa, wanda kwafarsa ke da wuya. Masu arahar da suka cika kasuwa galibi na farkon ne. In ka sallami yaron shago, ko rimot ɗaya ya ɓace, a goge duk lambobin da ke cikin akwatin karɓa a sake shigar da waɗanda ke hannunka. Da dare kuwa kwaɗo na nan a matsayinsa, inji ba makulli ba ne.

Masu walda da masu gyaran wuta, kada ku ga mun tura muku ciniki ku ɗauka mun wanke ku. Rabin laifin naku ne. Ku ne kuka koya wa ƴan kasuwa cewa kiran ku ɓata rana ne. Maigida ya karɓi aiki uku a rana ɗaya, ya tura yaron da bai cika shekara da fara koyo ba ya taɓa resor. Wani ya ga resor ya tsinke ya yi shiru, domin ribar sayar da inji ta fi. Wani ya sa resor na ƙaramar ƙofa a babba saboda shi ne ke hannu. Wannan gari ba baƙon ƙarfe ba ne. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya rasu a 1884, maƙeran Damagaram har igwa suka ƙera. Zango kanta da amana ta kafu: a wajen ganuwa take, nan ayarin Agadas da na Gat da Tarabulus ke sauka, fatake su bar dukiyarsu a gidajen manyan attajirai irin su Malam Yaro su tafi wata da watanni. Abin da ya riƙe wannan amana shi ne kowane mai sana'a yana da suna da zai ɓaci, yana da kuma babba da za a kai ƙararsa gare shi. Yau mutum ya sayi injin walda ya kafa rumfa, ba wanda ya san wa ya koya masa.

Gyaran wannan bai fi ƙarfinmu ba, kuma ba sai an jira Yamai ba. Shugabannin ƴan kasuwa su zauna da shugabannin masu walda da wakilan majalisar masu sana'ar hannu ta CMANI, su fitar da sunayen waɗanda suka iya aikin rido da gaske, a manna a ofishin kasuwa, wanda ya ci amana sau biyu a goge shi. A rubuta aiki a takarda ko da layi uku ne: abin da za a sake, kuɗinsa, ranar gamawa. Tsohon ƙarfen da aka cire a miƙa wa mai shago ya gani da idonsa. Mai shago kuma ya tsaya a wurin har a gama, ya sa a gwada birki a gabansa, a nuna masa da yaransa yadda ake buɗewa ba wuta. In tsoron baƙon ido ne, a ja labule a kan kaya. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke koyar da walda da lantarki su ma su sa wannan a cikin darasinsu, domin ƙofofin nan ƙaruwa suke yi kullum. Ita kuma ma'aikatar magajin gari, da ma'aikatanta ba sa kuskuren ranar karɓar kuɗin tikiti daga hannun mai ƙosai, ba zai gagare su ɗaga kai su dubi abin da ke rataye a samanta ba.

Makon jiya mun sake bi ta Zango. Mai unguwa ya kira ɓangarorin biyu, Alhaji ya amince zai ɗauki kuɗin magani har ƙarshe ya kuma sayi sabon kasko, maganar jari ce ba a gama ba. Inna ta matsar da murhunta taku huɗu gefe, inda ba bango, iska na kaɗa mata wuta tana cin itace fiye da da. Yarinyar na zaune a kan tabarma da ƙafa a naɗe, ba ta koma lakwal ba tukuna. Ridon kuwa an ɗaga shi an tokare da azara biyu, yaron shago na kwana a ciki, ana jiran direban da zai kawo resor daga Kano.